Kube a Damtsen Dama

Ranar wata Lahadi ce da hantsi, a ƙarshen kakar shekarar da na shiga aji biyar a lakwal ɗin Madarumfa. An gama yankan gero, dammuna sun cika tsakar gidanmu har kaji sun rasa wurin tono, ni kuwa ina zaune a kan turmin da aka kifar ina feƙe wa Inna turke, domin akuyarta ta tumɓuke tsohon ta karya shi. Wuƙar girki ce a hannuna na dama, reshen kalgo a na hagu. Na danna, reshen ya ƙi. Na ƙara dannawa da fushi, sai wuƙar ta zame ta bi ta gindin babban yatsana. Ban ji zafi nan take ba, jini kawai na gani yana ɗiga a bayan ƙafata. Inna ta saki muciya ta yo kaina da salati, ta barbaɗa garin bagaruwa, ta yagi gefen tsohon zane ta ɗaure. Baba yana bakin rumbu yana jera dammuna. Bai taso ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya dubi hannun, ya dubi turken da ko tsini bai yi ba, sannan ya ce, "Wanga yaro ba shi zuwa daji bana." Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da kowa ya sani a gidanmu, amma ba a cika faɗarsa a gaban baƙo ba, shi ne bahago aka haife ni. Inna ta ce tun ina rarrafe da hagu nake kai wa komai cafka, ko ludayin koko ko wutsiyar kyanwa. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ita ta mai da gyarana aikinta. In an zuba tuwo sai ta cusa hannuna na hagu cikin riga ta ɗaure da ɗankwali, in kuwa ya kuskura ya leƙo, bayan ludayi na jiransa. A makarantar allo malam ya ɗora daga inda ta tsaya, a lakwal mushe, wato malamin boko, ya ƙarasa da ƴar sandarsa. Ban riƙe kowa a zuciya ba a kan wannan. Da dama nake cin abinci har gobe, da ita nake gaisawa, da ita nake rubutu, kuma haka ya kamata. Damuwar ita ce ba su tsaya nan ba. Hauya ma da dama, gatari da dama, guga da dama, alhali duk aikin da ke son ƙarfi da saiti, hannun nan nawa bai san inda aka dosa ba. Na sha sare shukar gero a wajen noma in bar ciyawa tsaye, na fasa tulun Inna, na taɓa kifar da kunun buɗa-baki a kan tabarmar baƙi. Yayyena mata suka bar kirana Laminu, suka raɗa mini suna Hannun Aro, sunan kuma ya bi ni har bakin rijiya.

Amma akwai wani Laminun da manya ba su sani ba. Da zarar mun ɓace wa idon gida, mun gangara bakin tabki da awaki, sai hannun hagu ya fito daga kurkuku. Ba a unguwarmu yaron da ya kai ni kaɗo goruba da jifa. In muka ɗauki katangar fasasshen tulu muna sa ta tsalle a kan ruwa, tawa ce ke yin nisa har masunta su ɗaga kai daga jiragensu su yi mana tsawa. Da danƙo kuwa kurciya ba ta da lafiya a kan bagaruwa in ina kusa. Abokaina sun san sirrin, suka kuma rufa mini asiri, domin wanda ya kai ƙarata gida ya yi bankwana da goruba. Ƙanena Sale ma ya sani. Tazarar da ke tsakaninmu ba ta da yawa, shi ne mai hannu mai kyau a idon gida, shi ake aika ya ɗebo ƙwai ba tare da an bi shi da gargaɗi ba. Yakan dube ni ina jifa ya ce, "Yaya, don mi ba ka yi haka gaban Baba?" Ni kuma in ce masa ya rufe mini baki. Da mun hango katangar gida, sai in mai da sandar kiwon hannun dama, in koma Hannun Arona.

Sai an san abin da tafiya daji take nufi a wurinmu za a gane nauyin maganar Baba. Kowace shekara bayan an gama tattara amfani, lokacin hutun lakwal, mazan unguwarmu sukan haɗa amalanken jakuna su nufi kudu, su wuce Gabi, su shiga daji su yi ƴan kwanaki. Daga can ake samo itacen gyaran rumbu da na rumfa, da gamba ta saƙar zana, da kabar da za a yi igiya da tabarma har wata kakar. Yaron da aka ɗauka karon farko, a ranar ya tashi daga sahun masu cin abinci da mata. Kuma ba a zuwa hannu rabbana, sai an yi wa yaro wuƙarsa ta kansa, da kube mai zoben fata da ake zurawa a damtsen hagu domin dama ta zaro. Mun sha jin labari a bakin waɗanda suka riga mu, cewa a daji wuƙa ita ce komai. Da ita ake ɓare ɓawon kalgo a ɗaure kaya, da ita ake feƙe turakun jakuna, a kankare busasshen itace don kama wuta, a gyara zabo in Allah ya ba da sa'a, a ciro ƙaya daga tafin ƙafa. Shekarar nan layina ne. Yanzu ga shi an ce Sale zai tafi, ni in zauna in taya Inna tsinkar zogale. Na yi kuka a bayan rumbu, kukan da ban taɓa gaya wa Sale na yi ba.

Da yake yaro ne ni, sai na nemi mafita irin ta yara. A kasuwa akwai wani mai tebur da ke shigo da kaya daga Jibiya, tocila da batir da makullai da ƴan wuƙaƙe masu naɗewa, masu ƙyalli kamar madubi, wasu har da abin buɗe gwangwani a jiki. Na ƙulla a raina cewa irin wannan ce daidai da ni. Ƙarama ce, bakinta yana ɓuya cikin ƙotarta, ba ta buƙatar kube balle a yi maganar damtse, kila Baba ya ga ba ta da haɗari ya sassauta. Ina tsaye ina lallatsa ɗaya da hannuna mai ɗauri sai na ji an ja kunnena ta baya. Kawu Isuhu ne, yayan Inna, masunci da damina, mutumin daji da rani, mai tsokanar da ba ta bar yaro ba, ba ta bar tsohuwa ba. "Kai, ɗan ƙanwata, mi kake kallo haka kamar ka ga amarya?" Na gaya masa dabarata, ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya karɓi wuƙar ya buɗe, ya ɗora tsininta a kan ƙafar tebur ya danna kaɗan, sai ga baki ya naɗo ya tsaya dab da yatsunsa. Mai tebur ya ɓata rai, Kawu ko a jikinsa. Ya ce wannan ta ɓare rake ce da yankan farce a zaure, wanda ya kai ta daji yatsunsa ya kai sadaka.

Daga nan ya ja ni rumfa rumfa, ya mai da kasuwar makaranta. Ya ɗauki wata doguwa mai ƙotar roba ya girgiza a kunnena, na ji tana ƙwas-ƙwas a ciki. Ya ce ƙarfenta bai wuce bakin ƙota ba, ranar da aka buga mata itace a baya don tsaga reshe, ranar za ta rabu gida biyu. Ya ce in duba gindin ƙota kullum, in na ga ƙarfen ya ratsa ya fito an daddake shi a can, to wuƙar jiki ɗaya ce. Ya nuna mini wata siririya kamar ganyen rake ya ce ta mahauta ce, tana son nama, ba ta son itace. Wata kuma katuwa, rabin adda, ya ce samari ke sayenta don a gani, amma ba ta ciro ƙaya, kuma kafin azahar ta gajiyar da wuyan hannu. Tasa ya zaro daga damtse ya ɗora a tafin hannunsa. Baƙa ce, ba ta da ko ɗigon ƙyalli, tsawon bakinta bai wuce taƙi ba, bayanta da kauri, ƙotar ta yi santsi don riƙo. Ya ce in ɗauka. Na miƙa dama. Ya ƙura mini ido, tsokanar ta bar fuskarsa, ya ce, "Ni dai na san wanda ke kaɗo goruba bayan lambuna." Na sha jinin jikina. Ya mai da wuƙarsa kube.

Da yammacin ranar ya zo gidanmu, ya zauna a zaure suka gaisa da Baba irin gaisuwar surukai, mai tsawo da sunkuyar da kai. Ina raɓe a bayan zana ina ji. Bai roƙi a tafi da ni daji ba, ya san Baba ba ya mai da magana don an roƙe shi. Cewa ya yi zuwa daji hukuncin uba ne, ba ya sa baki, amma ɗan ƙanwarsa ya isa riƙe wuƙa, kuma shi kawu yana da hakkin yi masa ko da a gida zai zauna da ita. Tun da gobe za a kai Sale maƙera, a haɗa da Laminu. Baba mutum ne mai tsananin kunyar surukansa, ko tari ba ya yi da ƙarfi a gabansu. Ya ce, "To, Allah shi saka da alheri." Muryarsa dai ba ta mai farin ciki ba ce.

Maƙerar Malam Nomau tana bayan gari, ƙarƙashin wata tsamiya. Tun daga nesa ake jin bugun masaba da hucin zugazugi da ƙamshin gawayin ƙirya. A gefe an tara tsofaffin ƙarafan ƙarƙashin mota, waɗanda daga cikinsu yake yanko bakin wuƙa, domin ya ce ƙarfen da ya ɗauki lodin gyaɗa shekara da shekaru bai karye ba, itacen daji ba zai ba shi tsoro ba. Malam Nomau yana da wata hanyar aiki da ban taɓa gani wurin wani maƙeri ba. Ba ya sassaƙa ƙota da ka. Yana ajiye yumɓu a cikin tsohuwar ƙwarya da jiƙaƙƙen buhu a kai, sai ya mulmula shi kamar rogo ya ba mai wuƙa ya damƙe, damƙar da zai yi wa wuƙa a bakin aiki. Sawun yatsun da ya fito shi yake ajiyewa a gabansa ya bushe, ya riƙa dubawa yana sassaƙa itacen ƙirya. Sale ya damƙe nasa, sawu ya fito raɗau, yatsa yatsa. Aka miƙo mini nawa. Na karɓa da dama na matsa iya ƙarfina. Malam Nomau ya juya shi a hannu, ya taɓe baki ya ce, "Wanga riƙo kamar na mai ɗaukar kayan wani. Ka ci abinci kuwa yau?" Samarin da ke jan zugazugi suka kwashe da dariya. Baba yana zaune a kan kututture, ya kau da kai ya dubi jakinmu.

Kau da kan nan shi ya ƙona mini rai. Na gaji da zama abin da ubana ke kau da kai a kansa. Kawu, da ya rako mu, goronsa kawai yake ɓantara. Ni da kaina na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "Malam, a ba ni wani." Ya mulmula ya miƙo. Na kwance tsumman da ke babban yatsana, na miƙa hannun hagu a gaban ubana, a gaban maƙeri, a gaban kowa, na damƙe. Miki ya ɗan buɗe, ban kula ba. Yumɓun ya tsattsafo ta tsakanin yatsuna. Da na buɗe hannu sai ga sawu mai zurfi, kowace gaɓa ta zauna a wurinta. Masu zugazugi suka tsaya, ban iya ɗaga ido ba. Malam Nomau ya jera sawun biyu a kan uwar maƙera, na dama da na hagu, ya juya wajen Baba ya ce, "Malam Sha'aibu, ɗanka ne. Wanne za ni sassaƙa?"

Baba ya dubi sawun biyu. Ya tashi ya fita, gabana ya faɗi, na ɗauka tafiyarsa ke nan. Ashe kalgon da ke bakin hanya ya nufa. Ya karyo reshe mai kauri ya dawo ya jefa a gabana, ya ce wa Kawu ya ara mini wuƙarsa. "Turke," shi ne kawai abin da ya ce. Na durƙusa, na kafa reshen a ƙasa, na riƙe wuƙar da hagu. Ban taɓa yin wannan aiki da hannun nan ba, domin a bakin tabki jifa muke yi, ba mu da wuƙa. Amma da baki ya taɓa itace sai na ji kamar an cire mini takalmin da ya matse ni tun haihuwa. Na tsaga ɓawon na ja shi ya taho dogo bai tsinke ba, na ajiye gefe. Na shiga feƙewa ina juya reshen, sassaƙen yana zubowa a nannaɗe, har tsini ya fito a tsakiya sosai. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya gwada tsinin da yatsa, ya duba ta nan ya duba ta can kamar mai neman aibi. Sannan ya soke turken a cikin kayan jaki, ya ce da maƙeri, "Yi wanda ka ga ya hi." Har muka iso gida bai ce an fasa hukuncin farko ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mini tsawo. Labari ya riga mu zuwa gida, Iya ta ɗaure fuska. Ta ce wahalar da ta sha a kaina ta tashi a banza, gobe yaron nan zai miƙa wa babba abu da hagu a ce ba a yi masa tarbiyya ba. Amma babbar maganar a wurin baduku take. Wuƙa a hannu ana iya ɓoye ta, kube kuwa ba ya ɓuya. Wanda zai zaro da hagu, a damtsen dama zai ɗaura, kuma tun daga ɗinki ake karkata zoben ya fuskanci hannun da zai zaro. Duk mazan da za su yi tafiyar nan, tun daga dattawa har Sale, kubensu a hagu zai kasance. In aka ga ɗan Malam Sha'aibu da nasa a dama, an yi shela ke nan ba tare da maroƙi ba, kuma na san yadda Baba yake gudun abin da za a nuna gidansa da baki. Shi kaɗai ya je wurin baduku, shi kaɗai ya karɓo, ya sa a aljihun babbar riga ya shige ɗakinsa. Na tambayi Inna ko ta gani, ta ce in bar ta da abin da ya dame ta. Na lura dai tana dama fura da yawa fiye da ta yaro ɗaya, amma na ji tsoron sa rai.

Ranar tafiya, gari na wayewa aka jera amalanke a ƙofar gida. Ana ɗora gatura da jarkokin ruwa da buhun gari, jakuna suna kuka, mata suna leƙe ta saman zana. Baba ya kira Sale ya zura masa kubensa a damtsen hagu, maza suka yi masa barka. Ni ina tsaye jikin bango ina yi kamar ina gyara igiyar akuya. Sai na ji, "Laminu." Na zo na durƙusa. Ya zaro ɗaya kuben daga aljihu, jan fata sabo, ƙotar ƙirya ta leƙo daga bakinsa. Na miƙa damtsen hagu kamar yadda na ga kowa na yi, domin ban yarda da sa'ata ba. Ya ture shi da bayan hannu ya ce, "Ɗayan." Da hannunsa ya zura zoben a damtsena na dama, ya ja ya ga ya zauna. Wani maƙwabcinmu ya ce, "A'a, Malam Sha'aibu, baduku ya yi kuskure ne?" Baba ya ce, "Ni na ce a yi shi haka." Ya juyo gare ni ya ƙara da cewa abinci da gaisuwa da karɓar abu a hannun babba suna nan a dama, ranar da ya ga na saɓa, ranar zai karɓe wuƙar. Na ce to. Na hau amalanke ina jin nauyin kuben nan, bakina ya ƙi rufuwa har muka bar gari.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. A daji komai ya tafi mini daidai da farko. Na feƙe turakun jakuna, na ɓare ɓawon kalgo har aka ce ya isa, na ga yadda Kawu ke ɗora bakin wuƙa a kan reshe ya bugi bayanta da guntun itace ya tsaga, na gwada da tawa ba ta ko girgiza ba. Sai ranar yankan kaba ta zo. Kaba a ƙasa take fitowa cunkus, ana tsugunawa ne a jere kafaɗa da kafaɗa a riƙa ci gaba tare, kuma ƙa'ida ce manya su kama gefe biyu saboda maciji, yara a sa su tsakiya. Da aka zo jeri sai matsala ta fito fili. Wuƙar kowa tana damarsa, tawa tana haguna, wato duk wanda ya tsuguna ta haguna, hannunsa mai wuƙa da nawa za su riƙa haɗuwa a wuri guda. Yaron da aka sa a haguna ya tashi. Aka ce wani ya zo, ya ce shi yana son yatsunsa. Wani dattijo ya ce ba don ƙiyayya ba, amma bahago ya koma ya tsare jakuna, shi ne kwanciyar hankalin kowa. Gaskiyarsa kuwa, haɗarin na gaske ne. Na fara mai da wuƙata kube, idona ya cika.

Baba yana can ƙarshen layi, wurin da ya dace da shekarunsa. Ya miƙe, ya zagayo ta bayan mutane, ya zo ya tsuguna a haguna, a tsakiyar yara. "Ni za ni zamna nan," in ji shi. Ya ce da ni a hankali in yanka lokacin da yake tattarawa, shi kuma ya yanka lokacin da nake tattarawa. Da farko muka yi ta karo, wuyan hannuna yana bugun nasa, sau ɗaya ma bayan wuƙata ya goge shi, ya ci gaba da yankansa. Kafin rana ta take mun sami kiɗanmu, in na sunkuya ya ɗaga, in ya sunkuya na ɗaga, kamar mata biyu a turmi ɗaya. Ina jin numfashinsa da warin zufarsa, abin da ban taɓa kusantarsa na ji ba tun ina goye. Yinin ranar bai yaba mini ba, ba halinsa ba ne. Amma da aka tashi ɗaure kaba, ɓawon kalgon da na ɓare ya ce a miƙo masa. Ban taɓa ƙaunar mutum kamar yadda na ƙaunaci ubana a yinin nan ba.

Yau a Maraɗi nake zaune da iyalina, sai sallah da biki ke kai ni gida. Ayarin amalanken nan ya ragu, kwano ya maye rumfuna da yawa, igiyar roba ta kori ta kaba, saran itace kuma sai da izini, wanda na ga dacewarsa in ana son jikokinmu su tarar da daji. Malam Nomau ya rasu, jikansa ƙofofi yake waldawa a bakin hanya, wuƙaƙe kuwa ga su nan a kasuwa cikin leda, ƙota iri ɗaya ga kowane hannu. Wani lokaci ina kewar ƙamshin gawayin ƙirya. Amma ba duk abin da ya sauya ne hasara ba, domin ɗiyar Sale da hagu take riƙe alli a lakwal, kuma ba wanda ya taɓa bugun yatsunta. Baba ya tsufa, hannunsa yana rawa. Ranar layya shi ke yanka ragonsa ina tallafe da gwiwar hannunsa, fiɗa kuwa tawa ce. Bara ina durƙushe na fara zare fata, jikoki sun yanyame ni, sai na ji yana jan ƴar kujerarsa a ƙasa, yana korarsu da sanda. "Ku tashi daga hagunshi," ya ce, "wurina ne nan." Ya zauna ya kama gefen fatar da yatsunsa masu rawa yana ja mini. Fiɗar ta ɗauki lokaci fiye da kullum, ni kuwa ban so ta ƙare ba.